Ba Malama Falmata Ce Ta Taɓa Makin Ɗalibai Ba

Zuwa ga Shugaban makarantar koyon kwamfuta da nake aiki a cikinta, Potiskum.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ne ma'aikacinka mai kula da kwamfutoci, wanda ya haɗa su da waya a 1996 har kake nuna ni ga baƙi. Na fito da maganar nan fili a jarida ne saboda sau uku ina kawo ta ofishinka, sau uku kana cewa in bari ta wuce. Ta ƙi wucewa, kuma kunya ta hana ni sakewa.

Na farko, abin da ya faru. A jarrabawar bara, makin wasu ɗalibai ya fito daban da wanda malamai suka bayar, kuma cikin waɗanda nasu ya ƙaru har da ɗan yayar Malama Falmata, mai buga mana takardu. Ka tara ma'aikata, ka tambaye ni wa ya buɗe fayil ɗin. Na duba na ga sunanta. Ta rantse ta kuma rantsewa, ni kuwa na miƙe ina ji da kaina na ce, "Kwamfuta ba ta ƙarya." Da wannan maganar tawa aka sallame ta.

Na biyu, abin da na gano daga baya. Duk fayilolinmu suna cikin babbar kwamfuta guda, sauran suna ɗauka daga wurinta ta waya. Idan mutum ya buɗe fayil, sai ta kulle shi don kada wani ya rubuta a kai. To a zangon da ya biyo baya maki ya sake rikicewa, alhali Malama Falmata tana gidansu. Sai na shiga bincike. Na lura abin ba ya faruwa sai an ɗauke wuta mun koma janareta, babbar kwamfutar ta mutu ta tashi. Da yake manhajar da muke amfani da ita ta kyauta ce, tana zuwa da rubutun umarninta, sai na buga sashen da ke raba fayiloli a can cikin zuciyarta, na yi mako uku ina bi layi layi. Ƙa'idar ita ce, in ta tashi ta ɗan jira kowa ya karɓi makullinsa kafin ta ba wani. Kuskure wurin auna jiran ya sa take buɗe ƙofa nan take. Haka kwamfutar ofishin jarrabawa ta ɗora tsohon maki, na kafin malamai su yi gyara, a kan wanda Malama Falmata ta shigar daidai, sunanta kuma ya zauna a kai. Layi biyu na gyara. Na aika wa masu manhajar ta hannun wani abokina mai hanyar aika saƙo a Maiduguri, sun kuma karɓa. Ban ga laifinsu sosai ba, mutanen da ba a ɗauke musu wuta sau uku kafin azahar ina za su gani?

Na uku, ga ƙorafina. A gabanka na zare wayar wuta da tsohuwar manhajar, ka ga maki ya juye da idonka. Na sa gyaran, na sake zarewa, bai motsa ba. Ka yaba mini, sannan ka ce kada kowa ya ji, wai iyaye za su janye 'ya'yansu in suka ji makarantar kwamfuta ce kwamfutarta ta yi kuskure. Yallaɓai, na yi maka shiru wata huɗu, wannan ma wani abin kunyar ne a kaina. A watannin nan Malama Falmata ta nemi aiki wuri biyu a garin nan, kowanne labarin ya riga ta isa. Mace mai bugu da yatsu goma ba ta kallon allo, yanzu ana nuna ta a matsayin mai sayar da maki.

Don haka ina roƙon ka sake tara ma'aikatan da ka tara ranar, in tsaya inda na tsaya in janye maganata. A mayar da ita bakin aikinta, a ba ta takardar da ta wanke ta da sa hannunka. In kuma dole sai an sallami wani don mutuncin makaranta, ni ne na yi shaidar abin da ban bincika ba.

Ban faɗa mata ba har yau. Sau biyu ina kaiwa ƙofar gidansu a Yindiski, in kasa yin sallama in juya. A nan za ta karanta, kamar kowa. Malama, gaskiya kika faɗa, ki yafe mini in za ki iya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ɗaukaka makarantar nan, ya ba ka ƙarfin zuciyar da ni na rasa.

Wassalam.

Ma'aikacinka, mai kula da kwamfutoci.