Abin da Baba Ya Gano a Ohio

Withington, Manchester
9 ga Fabrairu, 2013

Zuwa ga Yaya Kulu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Ya sanyin Birmingham?

Baba ya dawo daga wurin ƙaninmu Musbahu ranar Lahadi, har ya yi ƙiba. Na zaci da labarin jaririyar Musbahu zai cika mu, amma tun daga filin jirgi zancensa ɗaya ne: laburaren garin su Musbahu a Ohio. Wai garin bai kai rabin Funtuwa ba, amma ran Asabar sai mutum ya rasa kujera. Mata da jarirai, masu neman aiki a kan kwamfuta, tsofaffi da jaridunsu. Abin da ya fi ɗaure masa kai, mutanen garin da kansu suka jefa ƙuri'a a ƙara musu haraji don kada a rage kwanakin buɗewa.

Yaya, na kasa gaya masa council, wato hukumar garin nan, na shirin rufe na unguwarmu. Kin san tun rasuwar Inna, laburaren nan ne ya fito da shi daga ɗaki. Mun yi, likitansa ya yi, ba wanda ya iya. A can ya samu abokinsa Baba Choji, wani dattijo ɗan Jos, suna musun jarida har la'asar. In aka rufe, ina tsoron ya koma zaman taga.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki,
Rabi'a

16 ga Maris, 2013

Yaya Kulu,

Salamu alaikum. Ya gida, ya aiki? Mu dai alhamdulillahi.

Ashe Baba ya riga ya ga sanarwar a ƙofa, ya yi shiru don kada hankalina ya tashi! Jiya council ta kira taron jin ra'ayi. Ya sa babbar rigarsa, ya ɗora kwat a kai, ya ce in raka shi. Mutumin da ko a biki ba ya karɓar makirufo, sai ga shi ya miƙe.

Da Turancinsa na tsohon malamin makaranta ya ba su labarin Ohio. Ya ce bai san lissafin council ba, amma in matsalar hannu ce, ga nasa biyu, kuma ba abin da suke yi a gida. Baba Choji ya miƙe ya ce ga nasa. Kafin a tashi, har wata Baturiya mai sanda ta ba da sunanta cikin masu son taimakawa. Ban san ko za su ji ba, amma da muka dawo Baba ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari.

Taki,
Rabi'a

20 ga Yuli, 2013

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan kuna shan ruwa lafiya.

Ba a rufe ba! An dai rage: kwana uku a mako, 'yan unguwa ke taimakawa. Ma'aikata biyu sun rasa aikinsu, abin da ke damun Baba ke nan har yanzu. Musbahu ya yi ta dariya a waya, wai shi ya kai Baba ganin jika, ya dawo ɗan gwagwarmaya.

Ranar Talata na biya laburaren daga asibiti. Na tarar da Baba a bayan kantar ba da littattafai, tabarau a kan hanci. Na ce, "Baba, ina wuni?" Ya ɗora yatsa a baki, wai mutane na karatu. Kunya ta kama ni, shekara shida a unguwar ban taɓa yin katin laburare ba, na ce ya yi mini. Sai ya dube ni ya ce in kawo shaidar adireshi.

Yaya, a gidana fa yake kwana! Gobe zan kai masa takardar wutar lantarki.

Allah ya sada mu da alheri.
Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Rabi'a