Layi na Sittin da Huɗu

Adabraka, Accra,
Litinin, 4 ga Agusta.

Zuwa ga Dada abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Kaka da duk mutanen Kpando. Yaya ƙarin haƙuri? Yaya ciwon ƙafar Kaka? Ni lafiyata ƙalau, kuma ina cin abinci kamar yadda na yi miki alkawari.

Dada, na fara zuwa ofishin su Papa. Anti Dedei, wadda suka yi aiki tare shekara tara, ita ta neme ni tunda muna hutu. Kin san manhajar da ya gina, mai aika wa masu ba da jini saƙo idan wata mai haihuwa tana buƙata. Kamfanin da ke riƙe da na'urar da take aiki a kai zai kashe ta ranar Juma'a. Dole a mayar da manhajar sabuwar na'ura kafin nan, in ba haka ba saƙo ya tsaya.

Yadda suke yi shi ne su haɗa manhajar da duk abin da take buƙata a rufe wuri guda, su ce kwantena, domin duk inda aka kai ta ta yi aiki iri ɗaya. Papa ya bar takardar umarnin haɗawa. Da na ga rubutunsa a gefen layukan sai na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska na fito.

Na san har yanzu ba ki kunna wayarsa ba, tun ranar da saƙo ya shigo ana neman jininsa, kwana shida da binne shi. Ban ga laifinki ba.

'Yarki,
Dzifa.

Adabraka,
Laraba, 6 ga Agusta.

Dada tawa,

Ina gaishe ki, ina kuma fatan kin samu barci. A gaida Kaka.

Jiya aka haɗa kwantenar. Kafin a tura ta akwai gwaji arba'in da biyu da Papa ya rubuta, kowanne in ya wuce ya nuna kore. Arba'in da ɗaya sun yi kore, ɗaya ya yi ja. An sake haɗawa sau uku, yana nan ja. Sunan da Papa ya sa masa shi ne, “Kada a kira wanda ba zai amsa ba.” Yana neman wani jerin sunaye, kuma jerin ba ya cikin rumbun da dukansu suke ajiye aikinsu.

Yau Yaya Fiifi, wanda ke zama kusa da taga, ya ce jerin na layukan waya ne da aka rufe, a tsallake gwajin kawai. Ya ce, “Arba'in da ɗaya cikin arba'in da biyu, ko a makarantar su Dzifa ai an ci jarrabawa. Ko ba haka ba, Hedimasta?” Haka yake kirana, wai don ba na dariya. Anti Dedei ta ce masa ya ci dokununsa, tuwon masarar da ke gabansa, ya bar mata yarinya, amma na ga ita ma tana kallon kalanda.

Dada, kin san ni da magana cikin mutane. Amma na tuna ranakun Asabar da Papa yake zaunar da ni gefensa, yana cewa ja ba zagi ba ne, tambaya ce, kuma ba a tura kaya da tambaya a kansu. Na miƙe na ce ina roƙon a ba ni kwana ɗaya in nemo jerin. Anti Dedei ta ce, “Gobe da azahar. In ba ki samo ba, mu tura haka.”

Kwamfutar Papa tana ƙasan akwatina. Ban buɗe ta ba tun da ya rasu. Ki yi mini addu'a.

Taki,
Dzifa.

Adabraka,
Juma'a, 8 ga Agusta.

Dada abar alfaharina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, ga abin da ya faru.

Na buɗe kwamfutar da safiyar jiya, na samu jerin. A nan kaɗai yake. Kullum Papa daga kwamfutarsa yake haɗa kwantenar, jerin ya bi ta, shi ya sa bai taɓa lura bai saka shi a rumbu ba.

Ba layukan da aka rufe ba ne, Dada. Masu ba da jini ne da suka rasu, mutum sittin da uku, kowa da lambarsa da ranarsa. Kin tuna in Papa ya dawo daga jana'iza, kafin ya cire baƙaƙen kaya yakan buɗe kwamfuta na minti ɗaya, kina yi masa faɗa abinci na hucewa? Abin da yake yi ke nan. Da mun tsallake gwajin, da gida sittin da uku sun samu irin saƙon da kika samu.

Da na nuna musu, Yaya Fiifi ya karanta har layi na goma sha tara ya tsaya. Sunan yayarsa ne. Ya fita waje, ya jima. Da ya dawo ya ja mini kujerarsa, ya ce, “Hedimasta, zauna, ke za ki haɗa.”

Kafin in haɗa na ce akwai saura. Na sauka ƙasan jerin, na rubuta sunan Papa, Mawuli Agbenyega, da lambarsa, da ranar. Anti Dedei ta saka jerin inda dukansu za su iya ƙarawa. Na haɗa, muka tsaya muna kallo har gwaji na arba'in da biyu ya yi kore. Yau da hantsi saƙon farko ya fita daga sabuwar na'ura, mutum biyu suka amsa.

Dada, ki kunna wayar. Hotunanmu na bikin Ista suna ciki, da muryarsa yana waƙa ba daidai ba. Babu wanda zai ƙara neman jininsa.

Ni ce 'yarki mai kewarki,
Dzifa Agbenyega.