Ruwan Nonon da Bai Zo Ba

Litinin, 2 ga Satumba 2024
Fakku, gidanmu, wankan jego. Har yau ba ruwan nono. Saudat matar yayana ke shayar da yaron tare da Anisarta. Ina kallonsu kawai.

Alhamis, 5 ga Satumba
Ciwon kan nan bai sake ni ba. Goggo ta ce, “Sanyi na ya shige ki, ba ki bari ruwa su yi zafi.” Ta ƙara itace, ta ƙara kanwa a kunu. Ban yi musu ba.

Lahadi, 15 ga Satumba
Na faɗi a wurin wanka. Kafin nan an kwantar da yaron gefena, ban gan shi ba, har na ɗora masa hannu. Gabana kaɗai nake gani, gefe da gefe duhu. Mijina Mahmuda ya zo daga Tambuwal da motar haya. Goggo na cewa ba a fitar da mai jego, ya ce matarsa ce.

Talata, 24 ga Satumba
Sakkwato. Jini, gwajin ido, hoton ƙwaƙwalwa cikin injin mai ƙara. Likita ta ce akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar wake ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi ke ba jiki umarni, har na kawo nono. Nawa ya kumbura. Ko ƙari ne, ko garkuwar jikina ce ke yaƙarsa. Mahmuda ya yi kuka. Ni silifas ɗin likitar nake kallo.

Laraba, 2 ga Oktoba
Sun fi zaton kumburi ne, tunda da ciki ya faro. Ƙwayoyi kullum da safe, in ya saɓe ba sai an yi aiki ba. Na tambayi likita batun nono. Ta ce kada in sa rai.
To.

Asabar, 19 ga Oktoba
Fakku. Kai ya lafa. Goggo ta bar zancen sanyi, ita ke tuna min magani. Yaron ya san ƙamshin Saudat, ba nawa ba. Ban damu ba, ai yana ƙoshi.
Da hantsi ina tsince shinkafa, ta gefen ido na ga ƙafarsa ta motsa a tabarma. Ban juya kai ba, na gani. Saudat ta taso, na ce ta zauna. Na dama madarar gwangwani da kaina. Ya ƙi, ya ƙi, sannan ya karɓa.
Ɗana Mus'ab yana riƙe yatsa in yana sha. Ba wanda ya gaya min.