Fankar Jif ɗin Baba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, Allah Ya kawo ƙarshen zaman nan. Kawu zai miƙa maka wannan ranar ziyara.

Baba, esin jif ɗinka, na'urar sanyaya motar, ya mutu, kuma ina tsoron ya tafi da Umma. Tun da aka rufe ka ni nake kai ta wankin ƙoda, ga nisa, ga zafin da ko sitiyari ba ya taɓuwa. Da fari fankar ta daina hurawa sai an murɗa ta zuwa lambar ƙarshe. Yanzu ko a nan ɗin shiru. Shekaranjiya cunkoso ya tsare mu a kan gada, Umma ta sume a kujerar baya. Na sauke gilasai, iskar kamar daga bakin murhu. Ina ta kiran sunanta, na baya suna ta danna mini oda.

Wani bakanike ya ɗura gas, ba abin da ya canza. Ya ce sai ya sauke dashbod, motar ta yi mako a wurinsa. Umma ba za ta kai mako babu wanki ba. Don Allah ka faɗa mini abin yi.

'Yarka,
Auta

Uwata,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Kada ki bari kowa ya taɓa dashbod. Gas ba ya juya fanka, mutumin nan ciwon kai aka kai masa ya ɗaure ƙafa. Ki ta da motar, ki buɗe bonet, ki sa a kunna esi kina saurare. In kin ji ƙas, kwamfaresa na da rai, ke nan sanyin yana nan, mai turo shi ne babu. Daga nan ki buɗe akwatin fis da ke ƙasan sitiyari, ki zaro na fanka ki ɗaga shi a rana, ki ga ko zarensa ya tsinke. Sai ki zauna a kujerar mai zaman banza, ki sunkuya ƙarƙashin aljihun dashbod, ki naushi wurin. Ba shafa na ce ba, naushi.

Kafin nan ku riƙa fita da sassafe, ki jiƙa tawul ki ɗora mata a wuya. Ki gaishe ta, ki ce ina nan ƙalau ko da ba ta tambaya ba.

Mahaifinki

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Na ji ƙas ɗin. Fis ya ƙone, na sa sabo, na naushi wurin har hannuna ya kumbura. Fankar ta yi wani kuka kamar ana yanka akuya, ta ɗan hura, sai warin ƙonewa, sabon fis ɗin ma ya tafi.

Jiya Umma ta ƙi shiga motar. Ta riƙe ƙofar ɗaki ta ce, "Auta, ki bar ni. In mutuwa ce gara ta same ni a gadona, ba a kan gada mutane na leƙena ba." Na durƙusa, na roƙa, na yi kuka. Kawu ya nemo tasi, ta ce ita ma tanda ce. Wankin ya wuce mu. Yau ƙafafunta sun cika, takalmi ba ya shiga, numfashinta sama sama.

Maƙwabcinmu ya ce in ɗaura waya a gurbin fis ɗin a huta. In yi? Baba, ni karatun ɗinki na yi, ban san komai a nan ba, kuma ba ni da kowa sai takardarka.

Auta

Uwata,

Allah Ya yi miki albarka. Kada ki ɗaura wayar nan, ina roƙonki. Fis ɗin shi ya hana motar kamawa da wuta kuna ciki.

Kin riga kin gano ciwon da hannunki: fankar ce ta cije, take jan wuta fiye da ƙima. Ki cire kan batir. A inda kika nausa za ki ga wani abu baƙi mai kama da tukunya. Zare soket ɗinsa, kwance sukurorin, zai faɗo miki a hannu. A gefensa akwai ɗan ƙarfe mai waya nannaɗe, shi ke rage gudun fanka, ya daɗe da ƙonewa, shi ma ki cire. Ki kai su wurin masu tsofaffin kayan mota a ba ki irinsu, kuma sai an jona fankar a batir ta juya a gabanki za ki karɓa. Mai kwance keken ɗinki ta mayar ba za ta kasa wannan ba.

Akwai magana. An karanta sunana cikin waɗanda za a mayar wani gidan yari mai nisa, tafiyar yini guda. Kawu ba zai iya zuwa can ba, don haka wataƙila wannan ce ta ƙarshe. Kada ki faɗa wa Ummanku sai an yi mata wanki. Da zan iya, da haƙorana zan kwance fankar nan.

Na bar ku a hannun Allah.
Mahaifinki

Baba,

Ina fatan wannan ta same ka kafin a tafi da kai. Sheƙar ɓera na tarar a cikin fankar, da tsumman da ya naɗe ta tam. Na canza duka biyun. Da na kunna, sai da na sa fuskata a iskar na yi kuka.

Na bar motar ta yi sanyi, na je na kamo hannun Umma na ce ta zo ta taɓa kawai. Ta shiga ta zauna, ba ta fito ba. Barci ta yi har asibiti. An yi wankin, kumburin ya fara sauka.

A hanyar dawowa na faɗa mata za a mayar da kai nesa. Ta ce in tambayi likita ko za ta iya tafiyar yini guda, kuma in duba tayoyi.

Ka aiko da sunan garin.

'Yarka,
Auta