Ni na musanya ƙwallon, jikata ta sha dukan

Wai in mutum ya yafe laifi ga wanda bai aikata ba, ita wadda ta aikata tana zaune a gefen gadonsa, wa yafiyar ta samu? Shekara uku ina juya tambayar nan, ban sami amsa ba.

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karantawa. Ni tsohuwa ce a Birnin Kudu, ban yi boko ba, maƙwabciyata ce take rubuta abin da nake faɗa. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku ji ƙarshe kafin ku tsine min.

Marigayi maigidana malamin wasanni ne, asalinsa mutumin Zandam ta ƙasar Gwaram. Ya yi ritaya amma bai ajiye usur ba, duk gasar ƙwallon kwando ta makarantu shi ake kira alƙalanci. Ƙwallayen gasar biyu a ɗakinsa suke, launinsu ɗaya. Ta maza lamba bakwai, ta mata lamba shida, ta ɗan fi ƙanƙanta da sauƙi, kuma doka ta hana a ba mata ta maza. Kafin kowane wasa sai ya auna ta da tef, ya sake ta daga saman kansa ya ga inda za ta tashi. Ni ban san lamba ba, amma hannun da ya shekara arba'in yana mulmula fura ya san babba da ƙarama.

Ni kuwa na tsani aikin nan. A wajen wani suna wata ta ce, “Ku matsa wa matar mai busa wa 'yan mata usur, kada ta ba mu jan kati!” Aka kwashe da dariya har da masu tafi. Na dawo na ce, “Malam, sa'anninka suna sahun gaba a masallaci, kai kana tsere da jikokinka.” Ya ce, “Hajiya, wanda ya yi dariya ya zo ya karɓi usur ɗin mu gani.”

Sai aka zo wasan ƙarshe na 'yan mata, wata makarantar Birnin Kudu da wata ta Gwaram. Jikarmu Ummi, 'yar babban ɗanmu, tana buga wa ta Gwaram, kuma a gidanmu ta sauka. Da safe Malam ya auna ƙwallon mata, ya sa a buhu ya ɗaure, ya shiga wanka. Na kwance buhun, na cire ta, na sa ta maza. Na san ciwon suga ya kashe masa yatsu, idonsa ma ya rage, ba zai gane ba. Cewa na yi a raina za a yi masa dariya a ce ya tsufa, ya dawo gida ya zauna. Ina na san 'yan Gwaram da ta maza suke atisaye kullum, don ita kaɗai makarantarsu take da ita?

Ya yarda da awon da ya yi a gida, bai sake ba. 'Yan Birnin Kudu suka yi ta cewa ƙwallon ta yi nauyi, ya ce shi ya auna da hannunsa. Gwaram ta ci, Ummi ce ta fi kowa jefawa. Bayan an tashi kocin Birnin Kudu ya juya ƙwallon ya ga lambar, ya ɗaga ta sama yana ihu, “Ɗan Zandam ya saya wa jikarsa kofi!” Aka yi wa Malam ature da ledojin ruwa, wani ya fizge usur ɗin daga wuyansa. Aka soke wasan, aka ce kada ya ƙara taka fili.

Ya shigo gida ba hula. Ummi na biye da shi tana kuka. Ya juya ya ce, “Wa ya taɓa buhun nan? Wa ya ci riba in ba ke ba?” Ta ce, “Wallahi Baba Tsoho ban taɓa ba! Inna, ai kina tsakar gida, ki faɗa masa!” Jama'a, kun san abin da na ce? Cewa na yi, “Ni dai na ga kin shiga ɗakin.” Buta ta shiga ɗaukowa, kuma ni na aike ta.

Ubanta ya zo daga Gwaram ya zane ta da igiyar awaki a gabana, ina riƙe da carbi. Ya hana ta ƙwallo har abada. Malam bai ƙara amsa gaisuwarta ba, in ta kawo abinci sai ya tura kwanon da ƙafa. Shekara biyu yana zaune a zaure ba mai kiransa, har ciwon ya kwantar da shi. Sau nawa na buɗe baki? Sai in tuna igiyar nan, in tuna idon 'ya'yana, in haɗiye.

Yanzu ƙafafuna sun ƙi, kuma duk cikin jikokina Ummi ce ta dawo tana jinyata. Ita take min wanka, ita take kwashe fo. Har yau ubanta in ya fusata “ɓarauniyar ƙwallo” yake ce mata. Makon jiya tana shafa min man zafi ta ce, “Inna, Baba Tsoho bai bar min ko kalma ɗaya ba?” Na ce barci nake ji.

Ya bar mata. In na isar da saƙon yadda yake, na ƙara liƙa mata laifin. In na faɗi gaskiya, wa zai ƙara ɗaga ni daga tabarma, kuma da wane ido za ta dube ni? Me zan yi? Ga saƙon, ku auna min shi. Ranar da zai cika ya kamo hannuna ya ce:

“Ki gaya wa yarinyar nan na yafe mata. Ke kuwa, Hajiya, ban taɓa kama ki da ƙarya ba, Allah ya yi miki albarka.”