Cokalin Awon Abincin Tarwaɗa

Ni Daso, 'yar Modibbo Abdulkahar, na rubuta wannan a gidana da ke Lafiya da hankalina garau. Ƙafa ce ta gaza, amma kai yana nan daram.

1. Gado a raba shi yadda shari'a ta tsara. Roƙona ɗaya ne: kada a sayar da tafkunan tarwaɗa na hanyar Adogi. Ku raba amfanin, ku bar ruwan wuri ɗaya.

2. Garin da muke gaurayawa a abincin kifi, 'yata Hafiza ce za ta riƙa ajiye shi. Ranar da malamin gona ya ce akwai ƙwayoyi masu rai a ciki da ke gyara hanjin kifi, da ɗan sinadarin saleniyam mai ƙara masa ƙwari, masu kiwo dariya suka yi. Ni ban yi ba. A ruga na tashi, na san aikin da ɗan tsohon nono ke yi wa ƙwaryar madara. A inuwa ake ajiye shi, kuma kada ya haɗu da ruwan zafi.

3. Safiyullahi, kai ne babba, saurara. Bara ƙanenka Mahir ya ga kifi na girma, ya ce a ransa in cokali ɗaya ya yi haka, uku fa? Ya zabga, don su isa sayarwa kafin Sallah. Ya manta gishiri ma in ya yi yawa miya ta lalace. Tafki guda ya tashi fari fat da cikin kifi, kuma tun ranar ba ka amsa gaisuwarsa ba. Wannan gabar ta fi ciwon ƙafa hana ni sukuni. In ta ɗore, na san tafkunan ba za su shekara a bayana ba. Ka yafe masa tun ina da rai.

4. Cokalin awon garin nan, wanda ba na bari kowa ya taɓa, na bar wa Mahir. Na san za ku yi gunaguni, ku yi. Shi kaɗai ya kwashe matattun kifin nan da hannunsa ya binne, yana kuka. Duk cikinku babu wanda zai shafe bakin cokalin nan don kada awo ya wuce kima kamarsa.

Allah ya yi muku albarka, ya raya zuri'arku. Ku riƙe zumunci. Ranar kamun farko a bayana, ku ci a kwano ɗaya, Safiyullahi ya zuba wa Mahir da hannunsa.