Na Shafe Uwar Kaset, Na Ce Rakoda Ce Ta Cinye

Assalamu alaikum Edita, da masu karanta wannan fili. Ina gaishe ku daga Jibiya, nan bakin iyaka. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin wani ya ɗauki biro ya zage ni, ya bari ya ji ƙarshen maganar. Shawara na zo nema. Wa'azi kam na yi wa kaina har ya ishe ni.

Ina da rumfa kusa da inda manyan motoci ke jiran kwastan. Sana'ata ɗaukar waƙa a kaset, in sayar wa direbobi da 'yan kasuwa masu shiga Maraɗi. A wurinmu kaset ɗin da aka fara ɗaukar waƙa a kansa shi ake kira uwa, waɗanda ake kwafa daga gare shi kuma ɗiya. Uwa ba a sayar da ita. Da an gama ɗauka sai a karya mata kunne, wato 'yar robar nan ta gefen kaset, don ko an danna jan maɓalli bisa kuskure ba za ta shafe ba.

Uwar da na fara mallaka ta wani aminin mahaifina ce, zan kira shi Baba Ilu, mawaƙin noma daga wajen Bugaje. Wansa, Baba Nomau, shi ke buga masa ganga. Na ɗauke su da tsohuwar rakodata mai batir a bakin gona, ranar gayya. Duk wanda ya ji kaset ɗin nan ya san a daji aka yi shi. Iska na bugun makirfo, jaki na kuka a tsakiyar baiti, wajen ƙarshe kuma batir ya yi sanyi har muryar Baba Ilu ta koma kamar ta mai gyangyaɗi. Da muka gama ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ɗiyan ka saida, uwar ka aje mani hwa." Na ce to, na karya kunnen a gabansa.

Da kuɗin fetur ya shigo, motoci suka yi yawa, kowane direba da rediyonsa mai cin kaset, sai na sayo sabuwar rakoda mai makirfo biyu. Na kira Baba Ilu muka sake waƙar cikin ɗaki, na toshe taga da bargo. Lokacin Baba Nomau na kwance da ciwon ƙirji, sai muka ɗauko wasu samari suka yi kiɗan. Ku ji ni da kyau, har gobe ina kan bakana: sabuwar ta fi. Kowace kalma fes, ba iska, ba jaki. Amma me direbobi ke cewa? Sai mutum ya leƙo daga mota ya ce in ba shi mai jakin nan. Wani Bamaraɗe ma ya ce sabuwar kamar tuwo ce ba gishiri a miya, ya tambaye ni ko rakodar ce ta kori jakin don kishi. Aka yi ta dariya a rumfata, a gaban kayana. To ni wahalar me na yi? Wa zai sayi sabon abu ya bar tsohon yana kunyata shi kullum? Rannan da rana tsaka na ɗauko uwar tsohuwar waƙar, na tauna takarda na toshe kunnen, na kwafe sabuwar waƙar a kanta, na jefa ta ƙasan akwati. Ba kuskure ba ne. Kaset ɗina ne, batir ɗina ne, haka na gaya wa kaina.

Damina ba ta fita ba Allah ya yi wa Baba Nomau rasuwa. Bayan an share makoki Baba Ilu ya zo a kan kekensa, ya zauna a bencina, ya ce in ba shi ajiyarsa. Yana so iyalin marigayi su ji hannun maigidansu, shi ma yana so ya ji. Ina kallon idonsa na ce sabuwar rakodar ce ta kama zaren kaset ɗin ta tauna, na yi ta ƙoƙari bai gyaru ba. Na zaci zai yi faɗa, wallahi da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, ƙarfe ba shi da hankali, ba laifina ba ne. Ya harari rakodar ya ce shi da yin waƙa a bakin abin da ya cinye wansa har abada. Tun daga ranar bai sake ba. Amma duk ranar kasuwa sai ya biyo da 'yar gyaɗa a ƙulle, ya ce in kai wa matata.

Kada ku ce ban nemi ɗiyan tsohuwar ba. Na bi direbobi har tashar Maraɗi. Wannan ya ce rana ta narkar da nasa a gaban mota, wancan ya ce zaren ya tsinke, wani ko kunya babu ya ce ya ɗora waƙar Indiya a kai. Su ba wanda zai tuhume su, sai ni?

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Kwanan nan uwar sabuwar waƙar ta fara ja, sai na tono waccan da na shafe don in kwafa daga gare ta. Ina cikin aiki wani ya tsayar da ni da surutu, waƙa ta ƙare ban kashe ba. Ashe sabuwar ba ta kai tsohuwar tsawo ba. Sai ga iska, sai ga gangar Baba Nomau tana saukowa a hankali har ta tsaya. Sannan muryarsa, kamar yana zaune a bencin:

"Ilu, ka tsallake sunan Inna hwa. Mu sake."

Baba Ilu ya ce ya gaji, a bari sai an sha hura. Baba Nomau ya yi dariya, zare ya ƙare. Ko a ɗiyan da na sayar babu wannan, don kullum a ƙarshen waƙa nake yankewa. A duniya nan kaɗai ya rage.

Yanzu ku duba inda nake. In na miƙa masa kaset ɗin, zai ga kunnen da aka karya a gabansa a toshe da takarda, ya san ba ƙarfe ya cinye wansa ba. In na kwafe guntun a wani kaset na ce wajen direba na tsinta, na ɗora ƙarya kan ƙarya, ya sa mini albarka a kanta. In na yi shiru, na hana tsoho dariyar ɗan'uwansa don in tsira da mutuncina. Ba zan ce tsohuwar ta fi ba, ko duk Jibiya za ta taru a kaina. Amma ajiya ce ya ba ni, na kuwa ci, wannan na sani ba sai an gaya mini ba.

Ranar kasuwa ta kusa. Zai jingine kekensa, ya ajiye gyaɗa, ya zauna ya juya wa rakodar baya kamar yadda ya saba. Kaset ɗin na ƙarƙashin teburina. Me zan yi?